Abin da Masana Suka Rubuta a Kan Ƙafar Yayana

A shekarar da yaƙi ya kore mu daga jami'a a Madani, na dawo ƙauyenmu da ke kudu da Rusairis da jakar hannu ɗaya da wayata. Kwamfutata da littattafaina duk sun zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ban sake ganinsu ba. Da hafila, motar haya, ta sauke ni a bakin hanya, matar yayana na tarar tana jirana da goyo a bayanta. Na tambaye ta ina Yaya, ta ce yana gida, ƙafar ce.

Na san da zancen ƙafar. Shekarun baya ƙaya ta soke shi a tafin ƙafar dama yana sharar gonar dawa, ya cire ta, ya ci gaba da aikinsa. Daga baya wani ɗan ƙullutu ya fito a wurin, bai fi gyaɗa ba, ba ya kuma ciwo. In na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce manomin da ba shi da tabo a ƙafa ai ɗan kallo ne. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Tun da Baba ya rasu shi ya riƙe gonar dawa da ɗan lambun da muke da shi a gaɓar kogi, daga nan ake ci, daga nan kuma na yi karatu.

Na same shi a ƙarƙashin bedin tsakar gida, a kan angarib, gadon igiya, ya miƙe ƙafar a kan matashi ya rufe ta da tsumma. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi abin da muka gani a Madani. Ni dai idona na kan tsumman. Da ya ga haka sai ya ɗaga shi da kansa.

Ƙafar ta zama kamar turmi. Yatsun sun baje, kowanne ya kama gabansa. Fatar ta yi tauri, ta yi baƙi, ga ƙananan ramuka ko'ina suna tsatsar ruwa. Ya matsa gefen ɗaya da babban yatsansa, sai ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi sun fito a cikin mugunya, ƙanana kamar habbatus sauda.

"Nabit ne," in ji Inna daga bakin murhu. Haka Larabawan yankinmu ke kiran ciwon, mu ma haka muke kiransa. "Hakim ya yi mishi allura har ɗuwawu sun gaji. Babu abin da ya sake."

Hakim shi ne ma'aikacin ɗan ɗakin shan magani na garinmu. Mutumin kirki ne, abin da ke hannunsa ya bayar. Inna kuwa ta riga ta yanke shawara: akwai wani mai sakiya a ƙauyen da ke gaba da mu, wanda ke ɗora ƙarfe a wuta ya huda kumburi. Can take so a kai shi. Matar Yaya ba ta so, amma ba ta iya musu da surukarta.

Yaya ya dube ni. "To, Auta. Ke kika yi karatu. Mi karatun ya ce?"

Karatuna na aikin gona ne. Digiri na biyu nake yi a kan funfunar da ke kama zangarniyar dawa. Ban san komai a kan ƙafar mutum ba, na kuma faɗa masa haka. Ya ce ai shi kenan, ya mayar da tsumman. Yadda ya faɗi "shi kenan" ɗin ne ya hana ni sukuni.

Akwai abu ɗaya da na iya. A farkon karatuna, da malamata ta ga na ruɗe a cikin takardun bincike ban san wacce zan fara karantawa ba, ta zaunar da ni a ofishinta ta nuna mini wani shafi na kyauta a intanet. Mutum zai rubuta sunan maƙala ɗaya, sai shafin ya zana masa taswira: kowace maƙala da'ira ce, wadda aka fi ambata ita ce babba, sababbi sun fi duhun launi, waɗanda suke magana a kan abu ɗaya kuma suna taruwa kusa da juna da layuka a tsakaninsu. Da kallo ɗaya za ka gane inda masana suka yi cincirindo da inda babu kowa. Na roƙi Inna ta ba ni mako guda kafin a je wurin mai sakiya. Ta yarda, ba don ta gamsu ba.

A garinmu babu shabaka, wato sabis ɗin waya, a lokacin, ko kira ba ya shiga. Sai an je Rusairis, inda wani mai shago a kasuwa ya kafa farantin da ke kamo intanet daga sama. Na hau hafilar safe. A ƙofar shagon mutane sun cika, kowa da wayarsa a hannu, mata suna kuka suna magana da 'ya'yansu da suka watsu, wani tsoho yana ta maimaita sunan unguwarsu a Khartum ga wani da ba ya jin sa. Kowa ɗan lokaci ake ba shi. Da layi ya zo kaina na raɓe a jikin bango, na kare fuskar wayar daga rana da gyalena.

Sai da na fara neman sunan ciwon da Turanci, domin duk rubutun da Turanci yake, ni kuwa da Larabci na yi yawancin karatuna, Turancina na rarrafe ne. Na samu maƙala ɗaya, na sa sunanta a shafin. Wayar ta yi ta juyi. Na ɗauka lokacina zai ƙare kafin ta buɗe. Sai ga taswirar ta fito, da'irori sun cika ɗan gilashin da ya riga ya tsage a kusurwa.

Ban zaci za su yi yawa haka ba. Na buɗa su da yatsu biyu, na ga sun rabu gida biyu, wani taro a hagu, wani a dama, da 'yan layuka a tsakani. Na taɓa babbar da'irar hagu na karanta taƙaitaccen bayaninta, na taɓa ta dama. Ashe ciwon iri biyu ne, kamanninsu ɗaya a ido. Ɗaya ƙwayoyin bakteriya ke kawo shi, yana jin allura da irin magungunan da hakim ke da su. Ɗayan funfuna ce, 'yar'uwar wadda nake karantawa a dawa, tana zaune a ƙasa, ƙaya ke shigar da ita jiki. Alamarta ita ce baƙaƙen ƙwayoyi. Wannan ba ruwanta da allurar hakim. Maganinta wasu ƙwayoyi ne da ake sha kullum na watanni masu yawa, sannan a yi aiki a yanke abin da ya rage. In kuma ta kai ƙashi, zancen ya canza.

Da yawa daga cikin maƙalun a kulle suke, sai taƙaitawar kawai ake gani. Waɗanda suke a buɗe na sauke su, na ɗauki hoton taswirar, mai shago ya ce lokacina ya cika. A cikin hafila na karanta, kalma bayan kalma, da ƙamus ɗin da ke wayar. A wata maƙala na ga hoton ƙafar da aka yi wa ƙuna irin ta gargajiya, da abin da ya biyo baya. Na ajiye wannan hoton domin Inna.

Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ƙafar wani ce, ba ta ɗana ba." Amma ba ta sake ambaton mai sakiya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunayen da ke ƙarƙashin manyan da'irorin. 'Yan ƙasarmu ne. Yawancin binciken a Khartum aka yi shi, a wata cibiya da ake kula da masu wannan ciwon, marasa lafiyar kuma manoma ne irin Yaya, daga Jazira da Sinnar. Shekara da shekaru wurin yana nan, mota ɗaya ce tsakaninmu da shi, ni ina Madani ina auna zangarniya ban taɓa sani ba. Yanzu da na sani, babu mai iya shiga Khartum, likitocin kuma sun watse.

A ƙasan kowace maƙala akwai adireshin wanda za a tuntuɓa. Na koma Rusairis na rubuta wa duk wanda na samu, da Larabci ga masu sunan gida, da guntun Turancina ga sauran. Na haɗa da hoton ƙafar. Makon da na roƙa ya wuce, wani ya bi bayansa. Kullum in na sauko daga hafila Yaya ba ya tambayata, sai dai ya kalli fuskata ya kau da kai. Ƙafar ta fara ciwo, abin da ba ta yi a da. Matarsa ta ce mini ya daina cin abinci sosai don kada ya riƙa buƙatar a kai shi bayan gida.

Mutum ɗaya ya amsa. Likita ne da ya yi aiki a waccan cibiyar, yaƙi ya jefa shi wata ƙasa. Ya turo lambarsa, muka yi magana ta saƙon murya, ina tsaye a cikin hayaniyar kasuwa na toshe kunne ɗaya da yatsa.

"'Yata," ya ce, "abin da kika fahimta daidai ne. Amma hoto ba ya nuna mini ƙashi. Ku kai shi Damazin a ɗauki hoton ƙashin, ki turo mini. Ki nemi wannan maganin, ga sunansa, ya fara sha tun yanzu in an samu. Kada a yanke shi rabi-rabi, ana ƙara watsa shi ne."

Damazin tana tsallaken kogi daga Rusairis, a can ƙanen Inna yake, Kawu, mai sayar da albasa. Muka ɗora Yaya a amalanken jaki zuwa bakin hanya, daga nan hafila, ƙafar a kan cinyata, mutane suna toshe hanci a ɓoye. Aka ɗauki hoton. Ko ni da ban iya karanta shi ba na ga ƙasusuwan tafin sun yi huji-huji kamar itacen da gara ta ci. Na ɗaga shi a hasken taga na ɗauka da waya na tura.

Amsar ba ta zo ba sai washegari. Muryar likitan ta yi sanyi. Ya ce ƙashi ya tafi. Ya ce magani zai iya tsayar da ciwon kada ya hau sama, amma ba zai dawo da tafin ba. Ya ce in da Yaya ɗan'uwansa ne, zai ce a yanke a ƙasan gwiwa tun gwiwar tana da lafiya.

Ban faɗa wa kowa ba. Na ce likita ya ce a fara magani, wanda kuma gaskiya ne. Ni da Kawu muka zagaye shagunan magani na Damazin ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su taɓa jin sunan ba, wasu suka ce ya ƙare tun da aka rufe hanyar arewa. A ƙarshe muka samu abin da bai kai na wata ɗaya ba, ciwon da ke son watanni.

Daga nan na zama kamar mahaukaciya. Na ce ba zai yiwu duk waɗannan mutane su yi rubutu ba a ce babu wanda ya samo wata hanya. Shafin yana ba mutum taswira 'yan kaɗan ne kyauta a wata, na cinye nawa. Na nemo wani shafin irinsa, shi kuma yana jera maƙalun ne bisa shekaru, tsofaffi a hagu, sababbi a dama, da kibiyoyi masu nuna wa ya ambaci wa. Na bi kibiyoyin har ƙarshen dama, inda da'irorin suka zama ƙanana, suka yi nisa da juna. A can na ga ana maganar wani sabon magani da ake gwadawa. Na zauna a kan buhun gawayin wata mata ba tare da na nemi izini ba. Na tura wa likitan.

"Na san shi," ya ce. "Babu shi a kasuwa, ba a Damazin ba, ba a inda nake ba. Ko da akwai, ba ya gina ƙashi. 'Yata, ki daina nema. Ki je ki yi magana da ɗan'uwanki."

Na yi kuka a wurin, a kan buhun gawayi. Matar ba ta tambaye ni komai ba, a kasuwar nan kowa ya saba ganin mai kuka da waya a hannu. Ta miƙo mini ruwa a kofi.

Da hantsi na sami Yaya a gidan Kawu, shi kaɗai a zaure, matarsa ta tafi wanke tsummokan. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Na kasa farawa.

"Nuna mini abin da kike ta kallo," ya ce.

Na buɗe hoton taswirar na ba shi. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Na yi masa bayani, kowane ƙwallo rubutun wani malami ne.

"Duk wanga taro a kan ciwon ƙafata?"

"Duk."

"Kuma babu ko ɗaya cikinsu a Damazin."

Ya yi 'yar dariya, ni ban iya ba. Ya miƙo mini wayar.

"Faɗi, Auta. Tun shekaranjiya fuskarki ta faɗa, bakinki nike jira."

Na faɗa masa duka, yadda likitan ya faɗa, har da zancen gwiwa. Ya kalli ƙofar zaure, inda jakin maƙwabta ke tsaye a rana. Can ya tambaye ni ko mai ƙafa ɗaya yana iya sauka gaɓar kogi. Na ce ban sani ba. Ya tambaya ko in an yanke shi kenan ya rabu da ciwon. Na ce wani lokaci yana dawowa, shi ya sa ake son a ci gaba da shan magani. Ya ce, "Maganin da babu." Na ce e.

Inna ce ta tayar da hankali da aka aika mata. Ta zo Damazin a ranar, ita da ba ta son mota. Ta ce da ƙafa biyu ta haife shi, da ƙafa biyu zai koma ga Ubangijinsa. Ta juyo kaina a gaban kowa.

"Ke da wayarki! Na ba ki mako guda, kin ci wata biyu, ga abin da kika kawo muna. Da an bar ni na kai shi inda na ce, da yanzu wani zance ake."

Ban da tabbacin komai a lokacin, ban ma san ko watannin da na ci ina bin da'irori su ne suka ba ciwon damar cin ƙashin ba. Na tambayi likitan wannan daga baya, ya ce irin wannan ɓarnar ta shekaru ce. Na ji shi, amma maganar Inna ta fi tasa zama a kunnena.

Zazzaɓi ne ya raba gardamar. Ya kama Yaya da ƙarfi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, warin ƙafar ya kai har tsakar gida. Ya fara kiran Baba yana yi masa zancen shanu da muka sayar tun ina yarinya. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya kira Inna, ya kama hannunta.

"Inna, ki yi haƙuri. Ina da 'ya'ya. Ki bar su su yanke."

Ta zare hannunta ta fita waje. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma hana ba.

A asibiti likitan tiyata ya duba hoton ƙashin, ya saurari saƙon muryar da na kunna masa, ya gyaɗa kai. Sai da muka jira wuta ta dawo. Aka shiga da shi da safe. Muka zauna a barandar, ni da matarsa da Kawu, Inna can nesa a gindin bishiya da carbinta.

Abin da babu maƙalar da ta gaya mini shi ne za a miƙo mana ƙafar. Wata ma'aikaciya ta fito da ita a naɗe cikin leda, ta tambayi waye nasa. Matar Yaya ta juya baya ta rufe fuska. Ni na karɓa. Tana da nauyi fiye da yadda na zata, da sauran ɗumi. Na tsaya riƙe da ita a tsakiyar baranda ban san inda zan nufa ba, har Kawu ya zo ya karɓe ta daga hannuna. Ya sayo farin ƙyalle a bakin asibiti, ya naɗe ta, ya tafi maƙabarta da wani abokinsa. Inna ta bi su da ido har suka sha kwana.

Da Yaya ya farfaɗo, bayan ya sha ruwa, abin da ya fara tambaya ke nan. Na ce Kawu ya binne ta. Ya ce Allah ya saka masa, ya koma barci.

Mun dawo ƙauye bayan dungun ya fara kamewa. Maganin yana zuwa jefi-jefi, in wani ɗan gari zai taso daga gabas likitan nan na saƙon murya yakan haɗa mu da wanda zai ba shi, wani lokaci ya iso, wani lokaci a yi wata biyu babu. Gonar dawa mun ba wani maƙwabci ya noma a raba. Lambun gaɓar kogi ni da matar Yaya muke yi, shi yana zaune a saman gangare da sandunansa yana ɗaga murya, yana cewa mun cika ruwa a kuɓewa. Karatuna yana nan inda na bar shi.

Inna ta daɗe ba ta yi mini magana sai ta dole. Wata rana da la'asar muna tsakar gida ina tsince wake, Yaya yana kwance a tabarma, sai ya fara mutsu-mutsu yana cije leɓe. Inna ta tambaye shi mene ne. Ya ce tafin ƙafar ke yi masa ƙaiƙayi, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ƙafar da babu. Ya ce kamar ya yi hauka.

Inna ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta zo ta durƙusa a ƙarshen tabarmar. Ta auna da ido daga dungun zuwa inda tafin zai kasance, ta sa farce ta fara sosa tabarmar a wurin.

"Nan?" ta ce.

"Ƙasa kaɗan."

Ta matsa ƙasa kaɗan. Ba tare da ta ɗago kai ba ta ce mini, "Auta, waken nan ba zai dafa kansa ba."